An Yi Maka Fowadin, Saƙon Ya Zo a Gurgunce ko Bai Zo Ba: Yadda Nake Bin Sawunsa

Shagona yana bayan kasuwar Wunti, a nan Bauchi. Aikinmu bugun takardu ne da sikanin da cike fom a intanet, sannan ina kula da imel na wasu ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi da ba su da ma'aikacin kwamfuta nasu na kansu. Bayan masu manta kalmar sirri, waɗanda suka fi shigo min da ƙorafi su ne waɗanda aka yi wa fowadin ɗin saƙo, wato aka tura musu imel ɗin da wani ya karɓa. Wani ya ce an ce an turo, shi bai gani ba. Wani ya ce ya zo amma takardar ta ƙi buɗuwa. Wani kuma ya ce rubutun ya koma wani yare.

Kusan dukkansu abu ɗaya suke yi kafin su zo. Su ɗora wa netwok laifi, su sa a sake turowa sau uku sau huɗu, data ta ƙone, matsalar tana nan. Netwok yana iya jinkirta saƙo, amma ba ya canza masa kama. Imel kamar kaya ne da aka ɗora a tasha, yana bi ta hannu da dama kafin ya isa, kuma in ya lalace, a hannu ɗaya ya lalace. Aikinka ka gano wannan hannun kafin ka taɓa kowane saiti.

Tambayata ta farko kullum ita ce: mutum ne ya danna ya tura da hannunsa, ko kuwa an saita akwatin ne yana turawa da kansa? Sunansu ɗaya a bakin mutane, amma cutarsu daban. In mutum ya tura da hannu, sabon saƙo ne ya fita da sunansa, manhajarsa ta sake shirya shi, don haka abin da ya fi lalacewa shi ne kayan ciki, wato rubutu da hotuna da fayil. In kuwa saba ce, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel, take turawa da kanta, saƙon yana tafe ne da sunan mai shi na asali amma ta hanyar da ba tasa ba, shi ya sa ake tare shi a bakin ƙofa ko a jefa shi cikin sifam, akwatin saƙonnin shara.

Fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa

Wata rana da hantsi wani Alhaji ɗan kwangila ya shigo, waya a hannu, gumi a goshi. Takardar kwangila aka aiko ofishinsa, sakatarensa ya yi masa fowadin zuwa Gmail, kuma ranar ce ta ƙarshe ta sa hannu.

"Malam, duba min. Yaron nan ya ce ya turo, amma abin da na gani ba takarda ba ce."

Na karɓa na duba. Maimakon PDF, fayil guda ne mai suna winmail.dat. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardarka tana ciki, ƙunshe ta aka yi. Da me sakataren yake aiki a ofis?" Ya kira shi a gabana. Outlook ne a kan kwamfuta.

Outlook yana rubuta saƙo ta hanya uku: rubutu zalla, da HTML irin na shafukan intanet, da kuma nasa na gida da ake kira "Rich Text". In aka yi amfani da na ukun, yakan tattara adon rubutun, wani lokaci har da fayilolin da aka liƙa, ya ɗaure su a ƙunshi guda da tsarin da ake kira TNEF. Wani Outlook ɗin zai kwance ƙunshin ba tare da ka ma sani ba. Manhajojin waya da dama ba su san wannan ɗaurin ba, sai su miƙa maka ƙunshin yadda yake.

Gyaran yana wurin mai turawa. Na sa sakataren ya shiga "File", ya zaɓi "Options", sannan "Mail", ya mayar da tsarin rubuta saƙo zuwa HTML. A ƙasan wannan shafin akwai wurin da ke cewa me za a yi in ana aika irin wannan saƙo ga mutanen waje, nan ma ya zaɓi a juya shi zuwa HTML. Sai abu na uku, wanda yawancin mutane suke mantawa: da ya fara rubuta adireshin Alhaji, sai Outlook ya kawo masa wanda ya haddace tun da can. Na ce ya goge wannan, ya rubuta adireshin da hannu daga farko, domin adireshin da aka haddace yakan riƙe tsohon tsarin ko da an canza saiti. Kafin Alhaji ya gama shan ruwan da muka ba shi, takardar ta iso.

Akwai manhajojin da ke kwance winmail.dat a waya, kuma suna aiki. Shafukan intanet da ke cewa ka ɗora musu fayil ɗin su buɗe maka ne ba na so. Takardar kwangila, ko ta asibiti, ko mai lambar asusun banki, ba abin miƙa wa wanda ba ka sani ba ce.

Kafin ka kai ga duk wannan ma, tabbatar fowadin aka yi maka. In amsa aka danna maimakon turawa, fayil ɗin ba ya biyowa. A iPhone kuma, in za ka tura saƙo mai fayil yakan tambaye ka ko a haɗa da shi, masu sauri sukan danna a'a ba su lura ba.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan ita ce matsalar da ta fi damuna, don mu masu rubuta Hausa ta fi shafa. Ka rubuta "ƙungiya", a wancan ɓangaren a ga "Æ™ungiya". Ka rubuta "ɗalibi", a ga "É—alibi". Alamar naira ₦ ta koma "â‚¦". Na ga malamai sun daina sa lanƙwasa gaba ɗaya saboda wannan, suna rubuta kofa a maimakon ƙofa, har "ɓata" da "bata" su zama abu guda. Bai kamata na'ura ta sa mu sauya rubutunmu ba, tunda abin yana da magani.

Lokacin da aka kafa ƙa'idar aika imel ta SMTP a 1982, haruffan Ingilishi zalla aka tanada. A 1992 aka zo da MIME, wanda ya ba saƙo damar ɗaukar fayil da wasu haruffa, da sharaɗin ya rubuta a goshinsa irin tsarin haruffan da ya yi amfani da shi. Tsarin UTF-8 yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne yana cin bayit 2 (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin ajiya a kwamfuta). Tsofaffin tsare-tsaren Yammacin Turai irin su Windows-1252 ba su da su sam, kuma kowane harafi a wurinsu bayit 1 ne. To in manhajar da ta yi fowadin ta karanta UTF-8 da idon Windows-1252, sai ta raba ƙ gida biyu, ta ba ka Æ da ™.

Duba irin ɓarnar da kyau, don ita za ta faɗa maka abin yi. In tarkacen alamu ka gani irin na sama, rubutun bai mutu ba, karatun ne aka yi ba daidai ba, kuma ana iya dawo da shi. In kuwa alamar tambaya ka gani, "?ungiya", to an riga an jefar da harafin a hanya. Babu saitin da zai dawo da shi, sai an koma ga saƙon asali.

A Outlook na kwamfuta, maganin yana cikin "Options", ƙarƙashin "Advanced", a sashen zaɓuɓɓukan ƙasashen waje. A cire alamar da ke barin sa ya zaɓi tsarin haruffa da kansa, a tsayar da shi a kan UTF-8. Gmail da Yahoo na burauza dama da UTF-8 suke aikawa, shi ya sa in ɓarna ta faru, na fi zargin tsohuwar manhaja ko tsohon shafin imel na kamfanin da ke tsakiya. In ka ga kan saƙo ya fara da =?UTF-8?B? ya bi da dogon shirme, wannan ma alama ce cewa wata manhaja a hanya ta kasa kwance shi.

Wuri ɗaya ne nake ba da shawarar a haƙura da lanƙwasa, shi ne sunan fayil. A cikin takardar ka rubuta Hausarka daidai, amma sunan ya zama gajere, da haruffa marasa lanƙwasa. Na sha ganin fayil ya iso da suna "noname" ko "ATT00001", an yanke masa wutsiyar .pdf, waya ta rasa da me za ta buɗe shi. In hakan ta same ka kuma ka san PDF ne, sauke shi ka sake masa suna ka ƙara .pdf a ƙarshe, sau da yawa zai buɗe.

Akwai dabara guda da take maganin ɓacin haruffa da watsewar tebur gaba ɗaya: a turo saƙon a matsayin fayil. Tun ƙarshen 2019 Gmail na kwamfuta yana da "Forward as attachment", wanda ke naɗe saƙon yadda ya zo ya liƙa shi a matsayin .eml, babu abin da aka sake shiryawa. Outlook ma yana da irinsa, sai dai in aka adana saƙo daga cikinsa yakan fito a matsayin .msg, wanda ba kowace manhaja take buɗewa ba. Ni duk saƙon da za a kafa hujja da shi, ko wanda nake so in bincika, haka nake cewa a turo min.

Nauyi, da hotunan da suka ɓace

Imel ba ya ɗaukar fayil yadda yake. Sai an juya shi zuwa rubutu da tsarin Base64, kuma wannan juyin yana ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku. Sikanin ɗin takardun makaranta mai megabayit 9 zai zama wajen 12 a hanya, sabar da aka saita a kan 10 ta mayar da shi. Gmail yana barin ka aika har megabayit 25 ya karɓi har 50, ka ga ke nan zai iya karɓar saƙon da ba zai bari ka tura gaba a matsayin fayil ba. In ya wuce 25 sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, wanda aka tura wa kuma ya danna ya tarar ana ce masa ya nemi izini. Ka buɗe masa izinin tun kafin ka tura. Mu a shago, takardun rubutu baƙi da fari muke sikanin ɗinsu, a kan 150 ko 200 dpi (ma'aunin kaifin sikanin), suna karantuwa sarai kuma ba su da nauyi.

Hoton da aka manna a tsakiyar rubutu ya fi saurin ɓacewa a fowadin fiye da wanda aka liƙa a matsayin fayil, musamman in manhaja ta mayar da saƙon rubutu zalla. Hoton fasfo ko na rasit, sauke shi ka liƙa shi daban. In kuma daga iPhone ya fito da wutsiyar .heic, mayar da shi JPG tukuna.

Saƙon da ya ɓace babu labari

Wannan ta fi haɗari, don ba ka ma san ka rasa wani abu ba. Wata Hajiya mai shugabantar ƙungiyar sa-kai da ke aiki da mata a ƙauyukan Ningi tana da adireshi mai .org.ng, an saita shi yana tura komai zuwa Gmail ɗinta. Wasu saƙonni suna zuwa, wasu ba sa zuwa. Sai da masu tallafa musu suka kira ta a waya suna tambayar rahoton da suka nema makonni da suka wuce, sannan ta san akwai matsala. Ta zo ranta a ɓace.

"Ɗana, mutanen nan za su ɗauka raina su na yi. Wallahi ban ga komai ba."

Na ce, "Hajiya, na yarda ba ki gani ba. Bari mu ga inda ya tsaya."

Na shiga cPanel, shafin da ake sarrafa sabar adireshin daga cikinsa, na buɗe "Track Delivery". Ga saƙon nan ya iso sabarsu lafiya, sabar ta miƙa wa Gmail, Gmail ya ƙi karɓa da lamba 550 5.7.26.

Manyan masu imel suna da bincike uku a bakin ƙofa. SPF jerin sabobi ne da mai adireshi ya wallafa ya ce waɗannan kaɗai na yarda su ɗauko wasiƙata. DKIM hatimi ne da ake bugawa a kan saƙon, wanda ke karyewa in aka taɓa abin da ke ciki. DMARC kuwa umarni ne daga mai adireshi zuwa ga mai gadi: in saƙo ya zo da sunana amma bai ci ko ɗaya daga biyun nan ba, ka bar shi ya wuce, ko ka ware shi, ko ka kore shi. Yahoo ya sa nasa a kan kora tun Afrilun 2014, bankuna da manyan ƙungiyoyi da yawa sun bi, sannan daga Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara tsaurara binciken.

To dubi abin da fowadin na saba yake yi. Saƙon yana ɗauke da sunan masu tallafin, amma sabar ƙungiyar Hajiya ce ta kawo shi, ita kuma ba ta cikin jerinsu, SPF ya faɗi. Saura hatimi. Da an bar saƙon yadda yake, da DKIM ya cece shi. Amma wanda ya saita musu tun farko ya sa sabar tana ƙara layi a ƙasan kowane saƙo cewa an bincika babu cuta. Wannan layi guda ya karya hatimin. Saƙonnin da suka fito daga adireshi mai sassauci suna wucewa, na masu umarnin kora suna komawa. Takardar ƙin karɓar kuma can wurin mai aikowa take nufa, ba wurin Hajiya ba, in ma ya gan ta ba lallai ya fahimce ta ba.

Abin da ya ƙara min ɓacin rai shi ne an saita fowadin ɗin ba tare da akwati na gaske a bayansa ba. Babu kwafi ko ɗaya da ya rage a sabar, sai roƙo muka yi aka sake aikowa. Don haka abu na farko da nake yi a kowane irin wannan saiti shi ne in tabbatar akwai akwati mai ajiye kwafi. Daga nan in cire duk abin da ke taɓa saƙo a hanya, ko ƙarin layi a ƙasa ko tambari a kan batu. Sai in rubuta wa kamfanin da ke riƙe da sabar in tambaye su ko sun kunna SRS, wanda ke sauya adireshin bayan ambulan ya koma na mai turawa don SPF ya wuce, da kuma ARC, wanda ke ba mai turawa damar shaida cewa saƙon ya iso masa da hatiminsa lafiya. SRS shi kaɗai ba ya gamsar da DMARC in hatimi ya karye, shi ya sa cire ƙarin layin ya riga shi. A kuma tace sifam kafin a tura, domin in sabarka tana kwarara wa Gmail shara, ita zai ɗauka a matsayin mai sharar, har saƙonninka na kirki su fara faɗawa can.

Takardar da take dawo maka da Turanci mai tsoratarwa, kada ka goge ta. Lambar kawai za ka nema. Wadda ta fara da 4 jinkiri ne, sabar za ta sake gwadawa da kanta. Wadda ta fara da 5 ƙi ne, sake turawa ba zai canza komai ba. 5.1.1 babu wannan adireshin, duba rubutunsa. 5.3.4 nauyi ya yi yawa. 5.7.26 binciken bakin ƙofa ne. 5.7.520 daga Microsoft 365 take, ma'anarta ma'aikatar ta hana fowadin zuwa waje, kuma mai kula da imel ɗinsu kaɗai zai iya buɗewa, in ma dokar wurin ta yarda. 5.4.14 ko 5.4.6 kuwa saƙo ne yake zagaye: wannan akwatin yana tura wa wancan, wancan yana dawo da shi. Kashe ɗaya. Mai Yahoo na kyauta kuma kada ya wahalar da kansa neman saitin, tun farkon 2021 aka cire musu turawa ta kai tsaye sai ga masu biya.

In saƙon ya iso amma cikin sifam, buɗe shi a Gmail na kwamfuta, danna ɗigo ukun nan, zaɓi "Show original". A sama za ka ga SPF da DKIM da DMARC, kowanne da sakamakonsa. A ƙasa akwai layukan da suka fara da "Received", kowace saba da saƙon ya ratsa ta bar nata. Daga ƙasa zuwa sama ake karanta su, kuma lokutan da ke jikinsu za su nuna maka inda ya kwana.

Wajen gwaji mutane da yawa suke ruɗewa. Kada ka gwada fowadin zuwa Gmail ta hanyar aikawa daga wannan Gmail ɗin. Yana gane saƙonsa in ya dawo, ba zai nuna shi a akwatin shiga ba, sai ka ɗauka saitin ne bai yi ba. Ni daga adireshi biyu na daban nake gwadawa, ɗaya Yahoo ɗaya Outlook, kuma a saƙon gwajin nakan rubuta "ƙofa, ɗaki, ɓera, ₦500", in liƙa ƙaramin PDF. Abu ɗaya nake canzawa kafin kowane gwaji, don in san wanne ne ya yi aiki.

Ita Hajiya a ƙarshe kashe fowadin ɗin muka yi baki ɗaya. Na ƙara adireshin ƙungiyar kai tsaye a manhajar Gmail ta wayarta ta hanyar IMAP, tsarin da waya take karanto saƙo daga saba, tashar shiga 993, ta fita 465, kamar yadda kamfanin sabar ya bayar. Yanzu wayar ce take zuwa ta karanto saƙo daga inda ya sauka, babu mai gadi na biyu da zai tare shi, amsarta kuma tana fita da sunan ƙungiya maimakon adireshinta na gida. Duk wanda imel ɗinsa ke ɗauke da kwangila ko tallafi ko takardar ɗaukar aiki, wannan hanyar nake sa shi.

Kafin ta tashi na buɗe saitin Gmail ɗinta, na duba sashen turawa da na ƙa'idojin tace saƙonni, layi bayan layi. Haka nake yi wa duk wanda ya zo da ƙorafin ɓacewar saƙo, domin 'yan damfara in suka shiga akwatin mutum sukan dasa ƙa'idar da ke tura musu duk saƙon da ya ambaci kuɗi ko banki, ta kuma goge shi daga gaban mai shi. In ka ga adireshin da ba ka sani ba a wurin, goge shi, canza kalmar sirri nan take, ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu. Nata babu komai a ciki, amma mun kunna mata tabbatarwar kafin ta hau Keke Napep ta koma ofis.